Aladiyar da Ba Ta Gurnani

Dacheka, 9 ga Yuli

Zuwa ga maigidana Durandi, Baban Balga,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na gonar rake a Mbanjok. Yaya ciwon bayan nan, ya sake ka ko yana nan? Mu nan muna lafiya, sai kewarka. Balga yana gaishe ka. Odet kuwa duk namijin da ya wuce a keke sai ta bi shi da gudu tana kiran Baba, har masu keke sun fara amsa mata.

Ruwa ya zauna, jar dawa ta tashi kyau, ta kai mini ƙugu. Amma ka san ba a tuƙa tuwo da ganye, kuma kafin ta nuna akwai tafiya.

Baban Balga, rumbuna ya ƙare. Ban ce ya kusa ba, ya ƙare, na shiga da tsintsiya na share ƙasansa. Kai shaida ne kan yadda masakwar bara, dawarmu ta rani, ta ƙi yi, ba sakaci na yi ba. Naka kuwa yana tsaye a tsakar gida da lakar da ka shafe bakinsa da ita, kullum da safe muna kallon juna. Na je wurin yayanka Wangba na ce ya hau ya ɗebo mana. Ya ce shi ba ya buɗe rumbun namiji mai rai sai da bakin mai shi. Na ce to yara fa? Ya ce in rubuto maka, tun da ni ce mai boko a gidan. Ga shi na rubuto. Ni dai ka san ba zan sa kaina a rumbunka ba, ba zan ja a mayar da ni gidan ubana ana neman shanun aure ba. Kalma ɗaya kawai nake so ka aiko wa Wangba.

Za ka tambayi aladiyata. Tun da aka yi shuka kowa ya kulle nasa, kamar kullum, don kada su shiga gonaki. Ina nan ina zuwa gidan Uwar Kawga karɓar dusar giya duk ranar da ta tace. Tsohuwar tana nan yadda ka bar ta, baki kamar barkono, hannu kamar na maƙeri. Ba ta manta da alkawarinmu ba, dusa daga gare ta, ɗan alade guda daga haihuwar fari daga gare ni. Jiya da na ɗora kwano a kai ta ce, "Ki gaishe mini da amarya, ki ce mata kada ta haifo mini mai kama da Wangba." Mashaya suka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Wannan takarda ka karanta ta da kanka. Na san baƙaƙen rubutu suna yi maka gardama, amma ko kwana biyu za ka yi kana haɗa su, kada ka miƙa wa kowa ya karanta maka. Raiwe maƙwabcinmu mai zirga-zirgar Mbanjok ne zai kawo, shi ne kuma zai komo da amsa.

Ka huta lafiya. Allah ya tsare ka da kaifin adda.

Taka,
Rozin Maiwore


Dacheka, 2 ga Agusta

Baban Balga,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta aikinka. Raiwe ya ce ka rame, amma Raiwe kowa a wurinsa ya rame, don haka ban san abin da zan ɗauka ba. Yara suna gaishe ka.

Amsarka ta iso. Na juya takardar gaba da baya ina neman saura, ban samu ba. "Kada a buɗe, ku yi haƙuri, ina zuwa." Shi ke nan? Sabulun da ka haɗo da shi na gode, yana da ƙamshi, sai dai ba ya shiga tukunya. Na yi fushi da kai ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na zauna a gindin rumbun nan na zage ka a zuci har na gaji.

Tun da haƙuri ka ce, bari in gaya maka irin haƙurin da muke ci.

Babu aladiya. Ranar da aka yi shelar a kulle dabbobi, wani ɗan Yagwa mai sayen aladu ya biyo ta bayan gida, na ba shi ita ya ba ni dawa. Tawa ce, da guminta na saye ta, ban ga wanda zan nemi izininsa ba. Dawar nan ita muka ci har farkon Yuli. Ɗakinta kuwa na ja ƙyaure na tokare da dutse, kowa ya ɗauka tana ciki, don a damina wa ke ganin aladen wani?

Dusar da nake karɓowa mu ne muke cin ta. Ga shi na rubuta. Ina shanya ta, in ta bushe in daka in tankaɗe, in haɗa da ɗan garin da nake samu in na yi wa mutane noma. Tuwon yakan fito baƙi-baƙi, da tsami, yana kartar maƙogwaro, amma in miyar tafasa ta ji gishiri yana wucewa. Na ce wa yara sabuwar dawa ce ta Kudu da babansu ya aiko. Balga ya ce ashe shi ya sa ka rame.

Wahalar ita ce shanya. Ba wanda ke shanya wa alade dusa, jiƙaƙƙiya ake zuba masa. In na baza tabarma a tsakar gida, kafin rana ta yi tsaka labari ya kai kasuwar Dukula cewa matar Durandi na cin abincin alade, rumbun mijinta na tsaye. Ba ni kaɗai za a yi wa waƙa ba, har da kai, kuma ka san waƙar garin nan ba ta mutuwa, jikokinmu sai sun ji ta. Saboda haka a cikin ɗakin aladiyar nake shanyawa. Na share shi, na zuba toka, na ɗaga jinka ta gefe guda don rana ta leƙo. Ni da ke shiga da kwano cike in fito da shi wayam, wa zai ce ba ciyarwa na je yi ba?

Abin da ke hana ni sukuni Uwar Kawga ce. Kwanan nan ta canza mini. Da a rabin duro take juye dusar kowa, kaji da karnuka na yawo a kai, mu ɗiba. Yanzu sai in tarar ta ware nawa a kwano mai tsabta, ta rufe da zane. Kuma dusar ba irin ta da ba ce, wadda takan matse ta sake zuba ruwa ta matse har ta koma kamar yashi. Wannan da nauyi, in ka murza a yatsa gari na fita. Na gane kiwon ɗan aladenta take yi tun yana ciki. Duk zuwa sai ta tambaya, ciki ya fito? Tana cin abinci? Ni kuma in ce e, Inna, in ce sosai, Inna.

Har giyarta ta fara nuna haka. Shekaranjiya ina tsaye tsoho Dangmo ya kurɓa ya ɓata fuska ya ce, "Uwar Kawga, giyar bilbil ce wannan ko ruwan da kika wanke ƙwarya?" Ta ce masa harshensa ne ya mutu ya riga shi, ya jira sauran jikin. Amma na ga benci biyu babu kowa, an ce samari sun koma sha a unguwar gangare. Matar nan tana rage ƙarfin giyarta saboda aladiyar da tun tuni aka cinye ta a Yagwa. In na tuna haka sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan girbi za a saki aladu su yi yawo. Ran nan ni me zan saki? Wannan ma ban kai gare shi ba tukuna, na yau nake nema. Ka sake tunani, don Allah. Kwando ɗaya daga rumbunka ya isa in riƙa haɗawa.

Wani abu kuma, ban san me ya sa nake gaya maka ba. Kajin maƙwabta da can ba sa barin gindin rumbunka, kullum suna tono. Bana ko kallonsa ba sa yi. Wataƙila lakarka ce ta yi kyau.

Ina jiran Raiwe. Ka gaida duk 'yan garinmu da ke can, amma kada ka ce musu komai.

Matarka,
Rozin


Dacheka, 24 ga Agusta

Baban Balga,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya. Ba zan ce muna lafiya ba, amma ka kwantar da hankalinka ka karanta har ƙarshe, Odet tana da rai.

Mako guda cur ruwa bai ɗauke ba. Rana ba ta leƙo ko ta gefen jinka ba, dusar ta ƙi bushewa. Ta fara wani wari, wani fari-fari da kore-kore ya bi ta sama. Na kwashe na saman na zubar, na daka sauran, na ce wuta za ta kashe ko mene ne. Babu wani abu a gidan, Durandi, ko ƙwaya. Ni da Balga cikinmu ya murɗa ya bari. Odet kuwa ta kama amai da zawo, kafin kwana biyu idanunta sun faɗa, in na ja fatar cikinta sai ta tsaya yadda na ja ta. Ta daina kuka. Wannan shirun shi ne ya fi ba ni tsoro a duk rayuwata.

Na goya ta cikin ruwa da taɓo har asibitin mishan. Mai ba da magani ta tambaye ni me yarinya ta ci. Akwai mata a layi, har da 'yan unguwarmu. Na ce kunu. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ba da ruwan gishiri da sukari ta ce in riƙa ɗura mata da cokali, kada in gaji. Ka ji ni, 'yata na mutuwa a hannuna, ni kuma ina tsoron waƙa. Na tsani kaina a wurin, na tsane ka, na tsani garin gaba ɗaya.

Da muka dawo gida, na tarar da Uwar Kawga zaune a kan turmina. Ta ga ranar tacewa ta wuce ban zo ba, ta ɗauko kwanon da kanta. Ƙyauren ɗakin aladiya a buɗe, dutsen a gefe, tabarmar da ruɓaɓɓiyar dusa ta jawo ta waje ta jefar cikin ruwa. Na tsaya da goyo. Na fara cewa Inna, ai aladiyar, ban ma san ƙaryar da zan ƙulla ba.

Ta ce, "Rufe mini baki, 'yar boko. Tun uwarki na budurwa nake tace giya. Aladiya mai ciki, ba gurnani, ba wari, ƙuda ma ba ya bin ɗakinta? Bana aladu bakwai nake ciyarwa a garin nan, biyu ne kawai masu wutsiya."

Na durƙusa a taɓo na fashe da kuka. Ba ta rarrashe ni ba, ka san ta. Ta kwance Odet daga bayana, ta buɗe mata ido da yatsa, ta karɓi cokali ta shiga ɗura mata tana zagina. Ta ce ita ta ɗauka ina da hankali, ina soya dusar a kasko in rana ta ƙi, ashe a ɗakin alade nake kulle ta da damshi kamar mai ɓoye gawa. Ta ce laifinta ne da ta biye mini, tana ta tambayar ciki don in samu ƙofar yin magana, ni kuma ina ta e Inna, sosai Inna. Ta ce da na kashe yarinya don kunya, da ita da kanta za ta fara waƙar.

Na tambaye ta su waye sauran huɗun. Ta ce in ta gaya mini nasu, gobe ta gaya musu nawa ke nan. Tun ran nan duk matar da na gani da kwanon dusa a kai sai in sunkuyar da ido, ita ma ta sunkuyar, mu gaisa mu tambayi lafiyar aladun juna.

Yanzu ga yadda ake yi. Ta ɗora fallen kwanon rufi a kan murhun giya, bayan zana inda mashaya ba sa shiga. In ta sauke tukwane, sai ta baza dusar a kai tana juyawa har ta bushe ƙayau, ta yi ƙamshi kamar soyayyar gyaɗa. Busasshiya muke ɗauka. Dangmo ya hango ya tambaya, ta ce aladun bana ne suka yi tsirfa kamar matan birni, ba sa cin jiƙaƙƙe. Na ce mata ta koma matse giyarta yadda ta saba kafin mashaya su gudu duka. Ta ce mashayi ba ya zuwa ko'ina, bayan girbi zai dawo da ƙafarsa. Batun ɗan alade kuma ta ce in faɗa wa mutane amarya ta yi ɓari, ita za ta jira.

Odet ta fara shan kunu, jiya har ta ture mini hannu ta ce ita za ta riƙe cokali. Amma kunun dawa zalla take bukata, cikinta ba zai ɗauki dusa yanzu ba ko an soya. Raiwe ya dawo babu takarda daga gare ka. Ban ƙara roƙonka ba. Gobe zan ɗauki yarinyar in ajiye ta a cinyar Wangba, ya dube ta ya sake gaya mini maganar bakin mai rumbu.

Ka zauna lafiya.

Rozin


Dacheka, 1 ga Satumba

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka da gaisuwar da ta fi ta baya sanyi, don na huce. Yaya jikinka, yaya bayan? Kana samun abin ci kuwa? Wannan karon da gaske nake tambaya. Odet ta miƙe, tana bin bango. Balga yana gona yana korar tsuntsaye, dawa ta fitar da kai.

Na kai wa Wangba yarinyar kamar yadda na ce. Ya ɗauke ta, ya ji nauyinta. Ya miƙa wa matarsa ita, ya saɓi tsani ya taho gidanmu, ya ce in ƙaninsa zai yi fushi ya yi da shi. Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga, ka san buɗe rumbu ba ya ɓoyuwa. Ni na tsaya nesa yadda ya kamata, da kwando a hannu.

Ya fasa lakar, ya ɗaga murfi, ya zura kansa. Ya daɗe a haka. Ya daɗe har matar Raiwe ta ce ko barci ya yi a ciki. Sannan ya fito da kai, ya mayar da murfi, ya sauko a hankali kamar wanda ya tsufa a kan tsanin. Ya ɗaga murya yadda na kan katanga za su ji ya ce, "Iri ne. Zaɓaɓɓen iri ƙanina ya ajiye, ba a taɓa iri. Na gane abin da ya sa ya hana." Ya ce in kawo ruwa, ya kwaɓa laka da hannunsa ya sake shafe bakin.

Ni na zuba masa ruwan wanke hannu, Durandi. Wanda ya sa kai cikin rumbun dawa yakan fito da ƙaiƙayi a gashi, yana atishawa. Yayanka ya fito da yanar gizo a kunne. Bai yarda mun haɗa ido ba. Kafin rana ta faɗi matarsa ta shigo da ƙwarya cike da dawa daga nasu rumbun, wanda na san shi ma ya kusa ƙasa, ta ce na kunun yarinya ne, ta fita da sauri.

Sai na tuna. Kafin tafiyarka ka matsa mini in je in duba innata, ka ce in kwana uku ma ba komai, kai da ba ka son in kwana ɗaya. Da na dawo na tarar da sabuwar laka a bakin rumbu, da kuɗin mota a aljihunka, ka ce wani aboki ne ya taimaka. Kajin maƙwabta sun riga ni ganewa.

Na zauna ina jiran fushi ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo shi ne hotonka a can, kana haɗa baƙaƙen takarduna ɗaya bayan ɗaya, ina roƙonka ka buɗe abin da ka san babu komai ciki, ba ka da wanda za ka gaya wa. Kai ka yi zaton za ka tara ka dawo ka cika shi kafin nawa ya ƙare. Ni ma haka na yi zaton zan mayar da aladiya kafin a saki dabbobi. Da ka faɗa mini tun farko, da na san inda zan nufa, da ban ɓata wata biyu ina kallon tulin laka ba, da wataƙila Odet ba ta kai inda ta kai ba. Wannan kam sai ka ji shi daga bakina in ka zo, ba zan rage maka ko kalma ba.

Amma ban gaya wa kowa ba, ko Uwar Kawga, ko da yake wannan tsohuwa ban san abin da ba ta sani ba. Jiya ruwa ya zaizaye gefen rumbun, na kwaɓa laka na gyara a gaban kowa, na kewaye gindinsa da ƙaya kamar mai tsoron ɓeraye.

Ka dawo. Kada ka tsaya sai ka tara abin cika rumbu, dawa ta kusa nuna, hannunka muke bukata a gona. Abu ɗaya kawai za ka sayo. In ka sauka Yagwa ka shiga kasuwa ka nemo 'yar aladiya, ko ƙarama ce, mai lafiya, mai yawan gurnani, ta Uwar Kawga ce. Ka zo da ita da rana tsaka ta tsakiyar gari.

Kuma ka yi sauri. Shekaranjiya wani ya wuce a keke, Odet ta ɗaga kai ta dube shi, ba ta kira Baba ba, ta ci gaba da wasanta.

Allah ya kawo ka lafiya. Ni ce mai jiranka,

Rozin Maiwore, Uwar Balga